Wai in oga ya ce yi, kowa yi zai yi?

Bashir: Salam jama'a. Jiya a majalisarmu ta Sabon Gari nan Gusau wani ya kafe wai ɗan Adam in dai oga ya ba shi oda ko kisa ne zai yi, hujjarshi binciken Milgram. Ni dai ban yarda ba. Malam Lawali kai ka karanci saikoloji, a raba mana gardama.

Malam Lawali: Wslm. Stanley Milgram ke nan, jami'ar Yale a Amurka, 1961 ya fara. A kira mutum a ce gwajin koyon karatu ne, a zaunar da shi gaban na'urar shokin lantarki mai maɓalli 30, ƙarfin wutar daga bolt 15 har 450, ɗalibi na ɗaure a ɗakin gefe, duk amsar da ya kuskure a danna mai shokin kuma a ƙara ƙarfi. Ɗalibin ɗan wasa ne, ba wutar komi, ihun ma naɗaɗɗe ne. Mutum 26 cikin 40 sunka kai 450 don kawai wani mai rigar lab na cewa ci gaba.

Nura Mafara: To Bashir ka ji. 65 cikin ɗari! Magana ta ƙare

Malam Lawali: Ba ta ƙare ba Nura, mutane nan suke tsayawa kullum. Milgram ya sake gwajin da abokan aiki biyu ’yan wasa, ɗaya ya ce ya daina a bolt 150, na biyu a 210, sunka koma gefe sunka zauna. Mutum 4 kacal cikin 40 sunka kai ƙarshe. Oga bai canza ba, na'ura ba ta canza ba.

Anti Hadiza: Wannan ni ban buƙatar Bature ya faɗa min. Muna boding wata firifet ta tara mu ’yan aji biyar ta ce kowa ya yi wa wata ’yar aji ɗaya bulala biyu don ta zubar da bokitin ruwanta, huɗu suka yi, yarinyar na durƙushe kan tsakuwa tana rawar jiki, da layi ya zo kan wata ƙawata sai ta ajiye dorinar a ƙasa ta harɗe hannu ko uffan ba ta ce ba. Wallahi babu wadda ta sake ɗauka, har ni da na riga na miƙa hannu.

Nura Mafara: Anti da girmanki, wannan labari ne ba bincike ba. Wani masanin saikoloji, Jerry Burger, ya maimaita gwajin, an buga 2009, ya tsaya a bolt 150. Kashi 70 suka yarda su wuce nan, da ya sa mutum ɗaya ya ƙi a gabansu kashi 63 suka ci gaba duk da haka. Ina tasirin yake?

Malam Lawali: Gaskiya ne wannan, kuma ka karanto daidai. Amma mutum ɗaya ne fa, kuma tun a bolt 90 ya janye kafin abin ya yi muni, sai anka ce wa wanda ake gwadawa kai karɓi. A na Milgram biyu ne, da jayayya ƙiri-ƙiri gaban oga.

Bashir: Ato! Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi

Nura Mafara: Bashir kar ka yi saurin murna, ’yan wasa ne aka biya su ƙi, ba abin da za su rasa. Kai ka ƙi sa hannu a takardar da oga ya turo maka a ofis ana saura sati albashi mu gani. Na biyun da zai tashi bayanka a ina za ka samo shi?

Anti Hadiza: Ƙawata ba wanda ya biya ta. Wankin bayi ta sha na sati guda kuma ita kaɗai, mu da muka fake a bayanta ko tsintsiya ba mu riƙe mata ba.

Nura Mafara: To ai maganata ke nan Anti

Anti Hadiza: A'a ba ita ba ce. Yarinyar dai bulala takwas ta sha maimakon talatin da wani abu, je ka tambaye ta ko babu tasiri.