Wa ya koya maka zama da mutane a jami'a? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk ranar bikin yaye ɗalibai sai ka ji ana cewa an ba su digiri ne saboda sun cancanta a hali da karatu. Karatu dai mun ga jarrabawarsa. Halin fa, wa ya koyar? Wanda ya taɓa shiga ajin da aka koya masa danne fushi ko sauraron mutum, ya ba mu labari.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Wa alaikumus salam. Mu dai mun yi kwas ɗin GST, wato darasin gama-gari da ɗaliban kowane sashe ke ɗauka, na zaman lafiya da sasanta rikici. Ɗakin lacca cike maƙil, wasu a tsaye bakin taga, lasifikar malam na kukan da ba ka jin rabin maganarsa. Jarrabawa kuma a kwamfuta, ka zaɓi A ko B. 'Yan ɗakinmu biyu sun ci kwas ɗin da maki mai kyau, amma har aka tafi hutu ba sa ga maciji saboda risho.

Malamin jami'a: Ɗiyata, ba ki yi ƙarya ba. A sabon tsarin karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022, an bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Da na kawo shawara a taron sashenmu mu sa wani abu kan aiki tare da iya magana, wani babba ya ce mu ba gidan raino ba ne. Sai na koma ajina na gyara aikin rukuni. Da can mutum ɗaya ke rubutawa, sauran su haɗa kuɗin bugawa. Yanzu ni ke zaɓar wanda zai tashi ya kare aikin, in kuma tambaye su inda suka saɓa da yadda suka daidaita. Sun tsani abin, amma suna zama tare dole.

Ma'aikaciyar jinya: Ni a littafi na karanta yadda ake magana da majinyaci, amma a ɗakin marasa lafiya na koya, wajen wata tsohuwar sista. Ranar da wani dattijo ya cika, ina shirin leƙawa baranda in faɗa wa 'yan uwansa, sai ta riƙe min hannu. Ta tambayi waye babba a cikinsu, ta shigo da shi, ta jawo masa kujera, ita ma ta zauna. Ta fara da yadda jikin ya tsananta da asuba, ta ɗan yi shiru har ya fahimta da kansa ya yi salati, sannan ta ce sai haƙuri. Wannan ana iya koyar da shi, wallahi. Sai dai wanda bai dace da irin wannan sistar ba, haka zai gama makaranta.

Mai garejin gyaran mota: Ni fa ban yarda ba. Yaran SIWES, wato ɗaliban da makarantu ke turowa koyon aiki, suna zuwa wurina duk shekara, kuma a makon farko nake gane wanda ya samu tarbiyya. Gida da Islamiyya ke yin wannan aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsohon ɗan bautar ƙasa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, gida ya koya min ladabi, amma bai koya min buɗe baki a taro ba. Da aka tura ni wata sakandare a jihar Ebonyi, shugabar makarantar ta ɗauka ina ɓoye wani abu ne saboda ina sunkuyar da kai idan tana magana. Kunyarmu ce, ita kuwa rashin gaskiya ta gani. Wani abokin aiki ne ya ja ni gefe ya fahimtar da ni.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Ga kuma ofishin ba da shawara. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata 8 a 2022, da yawanmu mun dawo a birkice, amma kowa na tsoron a gan shi a ƙofar a ce ya samu taɓin hankali. Malam, a wajenku ɗalibai na shiga kuwa?

Malamin jami'a: Suna shiga, amma galibi sai an ga sakamako ya lalace mu tura su da takarda.