Rashanci ko Ilokano, wanne zan fara?

Ɗan Lab: Salamu alaikum jama'ar zaure, don Allah shawara nake nema. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Riyadh, abokan aikina kusan duk 'yan Filifins ne, wata shida ina haddace musu Tagalog a waya ina ganin na burge, ashe su a tsakaninsu Ilokano suke yi. Ga shi kuma na cike fom ɗin sikolashif na Rasha don digiri na biyu. Lokacina bai wuce awa ɗaya da daddare ba, wanne zan kama?

Dakta Kazan: Wa alaikassalam ƙanina. Rashanci, ba ma sai an yi dogon zance ba. In suka ɗauke ka za ka yi shekara guda a ajin share fage da suke kira podfak, kuma wanda ya zo ya iya karatu ya huta da rabin wahala. Haruffa 33 ne, sati biyu sun ishe ka, amma ka kula suna da yaudara, P ɗinsu r ne, H n ne, C s ne, B kuma v. Ni satina na farko ina ta tambayar mutane mene ne "pektopah" da nake gani a kowane titi, ashe PECTOPAH restoran ne, gidan abinci. Har yau abokaina da shi suke tsokanata.

Maman Hanif: Dakta ka faɗa masa gaskiya dai, ba haruffan ba ne matsalar 😂

Dakta Kazan: Hajiya ai zan zo wurin. Matsalar ita ce padezh, wato suna yana canza wutsiya kala shida gwargwadon aikinsa a jimla. Moskva ce, amma in kana cikinta v Moskve, in za ka tafi v Moskvu, in daga can kake iz Moskvy. Sai jinsi uku, namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba. Sai lissafi, shekara 1 god, 2 zuwa 4 goda, daga 5 kuma let. Wanda ya fi cin raina shi ne aikatau na tafiya, idti in da ƙafa ne yanzu, hodit in zirga-zirga ce, yehat in a mota ne, kai sai ka rantse da gangan suka yi. Amma kayan karatu kam ko'ina, Duolingo yana da shi, YouTube cike yake, ga jarrabawar ƙwarewa a Rashanci da suke kira TRKI in kana son takarda a hannu.

Maman Hanif: To ni Ilokano zan tsaya wa. Na yi shekara tara ina aikin jinya da su a Jidda, kuma abin da na gani shi ne in ka yi musu Tagalog za su yi murmushi, in ka ce naimbag a bigat da safe ko agyamanak don godiya, ranar har abinci za a zubo maka. Harshen arewacin tsibirin Luzon ne, su Laoag da Vigan da La Union, yana cikin harsunan da suka fi yawan masu magana da su a ƙasar bayan Tagalog da Sebuwano. Da boko ake rubuta shi, ba ruwansa da kai da ke ko shi da ita, isuna kawai ta ɗauke shi da ita duka. Kuma ka daina kiran manyanka da gatsal, namiji manong, mace manang, ƙarami ading, kamar dai yaya da ƙane a wurinmu.

Ɗan Lab: Anti kenan ya fi sauƙi?

Maman Hanif: A bakin ƙofa ne yake da sauƙi ɗana. Aikatau ke fara jimla, sannan ana liƙa masa ɗafi gaba da baya har da tsakiya, surat rubutu ne, agsurat yin rubutu, agsursurat yana cikin rubutawa, isurat kuma hankali ya koma kan abin da ake rubutawa. Sannan "mu" ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wata rana na dafa shinkafa da miyar taushe na kawo wurin aiki, na ɗaga murya na ce mangan kamin, kowa ya yi tsit yana kallona, ashe cewa na yi mu za mu ci banda ku. Mangan tayon ya kamata in ce, mu ci har da ku. Manang ɗin da ke kusa da ni dariya har da hawaye.

Malam Nahawu: Abin da ya burge ni a maganar Hajiya shi ne agsursurat ɗin nan, ai ninki ne irin namu, buga bubbuga, kira kirkira, kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta ba. Rashancin ma akwai inda muke haɗuwa, bambancin chital da prochital yana kama da "yana karantawa" da "ya karanta ya gama". Kuma zamok in ka danna gaba fada ce ta sarauta, in ka danna baya kwaɗon ƙofa ne, mu da muke da kuka na itace da kuka na hawaye me zai ba mu tsoro. Af, Rashawa ma fa sun yi nazarin namu, an buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko a 1963, kuma Rediyo Mosko ya daɗe yana shiri da Hausa.

Baba Injiniya: Mu da muka ga Rashawa a Ajaokuta farkon shekarun 1980 mun san amfanin harshen nan, takardun injina da yawa da shi suka zo. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma za ka ci abinci da shi har Kazakistan. Yaro ka bi inda takardarka ta nufa.

Maman Hanif: Baba ranka ya daɗe ban musa ba, amma awa ɗayan daren ai ba a kanta za a yi rigima ba. Ilokano ba ya Duolingo, littattafansa kaɗan ne, in ban da ƙamus ɗin Carl Rubino da jami'ar Hawai ta buga, don a Hawai ma 'yan Ilokano suna da yawa tun zuwan leburorin rake a 1906, sai mujallar Bannawag in ka yi nisa. Malamansa su ne mutanen da yake tsaye da su awa takwas kullum. Ya ba Rashanci darensa, Ilokano kuma kalma biyar a rana lokacin shan shayi, ya rubuta a ɗan littafi a aljihun rigar lab.

Dakta Kazan: Na yarda da wannan. Ƙari ɗaya, tun yanzu ka fara rubutun hannu na Rashanci a takarda, don malamai da shi suke rubutu a allo kuma t ɗinsu sai ka ɗauka m ce. Kada kuma ka ce wa farfesa ty wato kai, vy wato ku ake cewa, da sunansa da na mahaifinsa.

Ɗan Lab: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta turo min sunan tashar YouTube ɗin da ka yi amfani da ita ta inbox. Anti gobe zan kai dambun nama wurin aiki, tayon ne ko kamin?

Maman Hanif: Tayon! In ka ce kamin kai kaɗai za ka cinye abinka 😂