Neman shawara: motata mai ƙofa biyu ce kuma ita nake hawa kullum, in sayi tayoyin hunturu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar taya. Motata irin ta gudu ce mai ƙofa biyu, gajera a ƙasa, da ƙafafun baya take ja. Ita kaɗai gare ni, da ita nake zuwa aiki kullum, kamar kilomita 40 zuwa da dawowa. Tayoyin rani ne a jikinta, 225/45 R18 a gaba, 255/40 R18 a baya (lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta ƙarshe kuma girman rim a inci). Inda nake, sanyi kan sauka ƙasa da sifili da asuba kusan wata uku a jere, amma dusar ƙanƙara ba kullum ba, kuma ana share manyan tituna da wuri. Wasu sun ce in sayi tayoyin hunturu, wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda motar na da ABS (na'urar hana ƙafa ƙamewa wajen birki) da na'urar hana santsi. Wanne zan bi? In kuma sayen ne, biyu na baya sun wadatar?

Makanike:
Wa'alaikumus salam Malam. Ka saya, kuma guda huɗu.

Mutane da yawa dusar ƙanƙara suke kallo, alhali matsalarka tana farawa tun kafin ta sauka. An haɗa robar tayar rani ne don ta yi aiki da zafi. Daga wajen digiri 7 a ma'aunin Celsius zuwa ƙasa sai ta soma ƙandarewa, kuma tayoyin motocin gudu sun fi kowanne yin haka. Ka fita da asuba ranar da aka yi sanyi sosai, ka danna farcenka a zanen tayar, za ka ji ta kamar robar bokiti. Robar da ta taurare ba ta kwanciya cikin 'yan ramukan kwalta, sai ta riƙa zamewa a kansu. Ita kuwa ta hunturu tana nan da laushinta a wannan sanyin. In ka duba ta kusa za ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi sirara-sirara kamar an bi shi da reza. Waɗannan tsagogin ne ke buɗewa idan nauyin mota ya hau kansu, su cizi ƙanƙara, su kuma zuƙe ɗan ruwan da ke kwance a samanta, wanda shi ne asalin santsin.

Batun ABS kuwa, aikinsa ya hana ƙafa ƙamewa idan ka taka birki. Na'urar hana santsi ita ma wuta take ragewa ko ta ɗan kama birkin ƙafa ɗaya. Dukansu da riƙon da taya ta samu suke aiki, ba sa ƙara ko kaɗan. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai fi tafin hannunka da wani abu ba, in wurin nan ya saki, kwamfutar mota ba ta da ta cewa.

Kada ka sa biyu a baya kawai. Motar za ta tashi lafiya lau, ka ɗauka komai ya daidaita, sai ka iso kwana ka murza sitiyari ka ga hancinta ya miƙe gaba. Ƙafafun gaba ne ke juya mota, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. In ka sa biyu a gaba ya fi muni, bayan ne zai kwaso ya juyo da kai.

Mai harkar tayoyi:
Oga makanike ya gama magana kan dalili, bari in ɗora kan abin da za ka saya, don a nan ake yawan asarar kuɗi.

Da farko duba gefen taya ka nemi hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wannan alamar ce ke nuna an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Rubutun M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) da ake gani a gefen wasu tayoyi, shi kaɗai ba gwaji a bayansa.

Tayoyin hunturu iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai na ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow da Nokian Hakkapeliitta R5. Robarsu laushi gare ta ƙwarai, a kan ƙanƙara suna riƙo sosai, amma a busasshiyar kwalta sitiyarin motarka zai riƙa yi maka lagwab-lagwab, birki kuma ya ɗan yi nisa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa motoci masu ƙarfi, irin su Michelin Pilot Alpin 5 da Pirelli Winter Sottozero 3. Gefensu ya fi tauri, suna riƙe jiƙaƙƙiyar hanya da busasshiya da kyau, suna kuma jure gudu. Tunda ka ce ana share hanya kuma sanyi ne ya fi yawa, na biyun ne naka.

Sai girma. Faɗin 255 ɗin nan na baya ba alheri ba ne a dusar ƙanƙara, yana hawa samanta ne ya yi ta iyo. Siririyar taya ta fi nutsewa. Yawanci abin da ake yi wa irin motarka shi ne a sa girma ɗaya a ƙafa huɗu, 225/45 R18, ko a sauko zuwa 225/50 R17. Ga lissafin tsayin taya gaba ɗaya: ta gabanka wajen milimita 660 ce, ta baya 661, ita kuwa 225/50 R17 wajen 657. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka agogon gudu da ABS ba za su rikice ba. Kada dai ka yarda ya wuce kashi 3. Ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar, sau da yawa kamfani ya riga ya rubuta girman hunturu da ya amince da shi.

Kafin ka biya kuɗin rim mai inci 17, a ɗora ɗaya a ƙafar gaba a juya shi da hannu. Motocin gudu da yawa birkinsu babba ne, rim ɗin yakan gogi kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. In ya taɓa, ka tsaya a 18.

Ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya. In ka ga 3524, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2024. Harafin gudu ma, wanda ke nuna iyakar gudun da tayar ke jurewa, ka kula da shi: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Lambar ɗaukar nauyi kuwa kada ta gaza wadda kamfanin motar ya rubuta.

Wata mamba:
Malamai, ina da ja kaɗan. Ba kowa ke da wurin ajiye tayoyi huɗu ba, kuma canji sau biyu a shekara aiki ne. Akwai tayoyin duk shekara masu ɗauke da alamar dutsen nan, kamar Michelin CrossClimate 2. Ga wanda dusar ƙanƙara ke ziyarta jefi-jefi, ina ganin ya kamata a ambace su.

Mai harkar tayoyi:
Gaskiyarki Hajiya, zaɓi ne na ƙwarai, kuma sun fi tayar rani a sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ban fara da su ba shi ne irin motar. Wanda ya sayi motar gudu don riƙon kwana da kaifin sitiyari ya saye ta, kuma da rani taya ta duk shekara ba ta kai ta rani a nan ba, a kan ƙanƙara tsantsa kuma ba ta kai ta hunturu ba. In bai damu da wannan ragin ba, ko ba shi da ma'ajiya, ya saye su hankali kwance.

Game da kuɗi kuma, lokacin da na hunturu ke aiki, na rani suna hutawa, sai kowanne ya daɗe. Ainihin ƙarin da za ka ji shi ne na rim da na'urorin auna iskar taya da ake sawa a jikin rim.

Malamin tuƙi:
Ɗan'uwa, akwai abin da taya ba za ta gyara maka ba, gara ka sani tun yanzu. Motarka gajera ce. Ka auna tsakanin cikinta da ƙasa, irin waɗannan da wuya su wuce santimita 12 zuwa 14. Ranar da dusar ƙanƙara ta fi haka tudu, bambar gaba za ta riƙa ture ta kamar garma, ta taru a ƙarƙashi ta ɗaga motar, ƙafafu su yi ta juyawa a banza. Rana irin wannan a bar mota a gida har a share hanya.

Wajen tuƙi, ba ta wuta a hankali, musamman lokacin fita daga kwana, don nan ne bayan mota mai jan baya ke kufcewa. In mai giyar hannu ce, tashi da giya ta biyu a wuri mai sulɓi. Bar na'urar hana santsi a kunne, sai fa in ka maƙale kana son ƙafa ta ɗan juya ka fita. Gadoji suna riga sauran hanya daskarewa. Sababbin tayoyi kuma suna da ɗan santsi na masana'anta, ka bi su a sannu kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko.

Ka bincika dokar inda kake. A Jamus dole ne a sa tayoyin hunturu idan hanya ta yi ƙanƙara, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 masu alamar dutsen kaɗai ake karɓa. A lardin Kwibek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan yanayin hunturu ya kama, kuma zurfin zane kada ya gaza milimita 4.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsaya kan guda huɗu. Saura abu biyu: lallai ne sai na sayi rim daban? Kuma yaushe zan sa, yaushe zan cire?

Makanike:
Amin Malam. Ba dole ba ne, amma a wurinka kusan dole ne, don rim ɗinka na baya ya fi na gaba faɗi, 225 ba lallai ta zauna masa daidai ba. Ban da haka, cire taya da mayar da ita sau biyu a shekara yana wahalar da bakinta yana kuma karce rim, ga gishirin da ake watsawa a hanya yana cin fenti.

In za ka sayi rim, abu huɗu sai sun dace da motar: yawan ramukan noti da tazararsu, faɗin ramin tsakiya, lambar ET da ke nuna yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje, da siffar mazaunin noti, don wani mai tsini ne wani mai kumburi. Noti da bai dace da mazauninsa ba yakan kwance a hanya. A ɗaure da sufana mai ma'auni daidai adadin da littafin motar ya faɗa, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. In zanen tayar mai bin hanya ɗaya ne, akwai kibiya a gefe, a tabbata tana kallon inda ƙafa ke juyawa.

Batun lokaci kuwa, ka sa na hunturun idan ka ga sanyin safiya, lokacin da kake fita aiki, ya zauna ƙasa da digiri 7 kwanaki a jere. Kada ka jira dusar farko. Ka cire idan ya koma sama da haka ya zauna, don zafi na cinye su da sauri. Iska na raguwa kamar psi 1 duk saukar digiri 5 zuwa 6, saboda haka ka auna duk wata da safe kafin mota ta motsa. In zurfin zane ya sauko milimita 4, aikinsu na hunturu ya ƙare ko da ido na ganin da saura.

Na ranin da ka cire, wanke su, rubuta wa kowacce ƙafar da ta fito da alli, ka jera su kwance a kan juna tunda suna jikin rim, a wuri mai inuwa da babu danshi, nesa da hita da injinan lantarki. Kada ka bar su inda sanyi ke kai digiri 7 ƙasa da sifili, don robar irin waɗannan tayoyin takan tsage in an motsa ta a daskare.