Kalmar "smooth": a ina kuka ci karo da ita, kuma me kuka kira ta da Hausa?

Malamar Turanci a firamare, Katsina: Jama'a, sallama. Jiya wani ɗalibina yana so ya ce ɗaɓen banɗaki ne ya kayar da shi, sai ya rubuta "the floor was smooth". Yaron bai yi laifi ba, mu ne muka koya musu cewa "smooth" santsi ne, alhali santsin da ke kayar da mutum "slippery" ne. Abin ya tsaya mini a rai. Ku da kuke jin kalmar a wurin aiki, yaya kuke faɗinta?

Mai sana'ar girki, Zariya: Malama, a kicin ba ruwanmu da santsi. In takardar girki ta ce a buga kwaɓi har ya zama "smooth", nufinta kada a bar gudaji ko ɗaya. Kamar dai tuwo ne: ki tankaɗe gari da rariya, ki yi talge, ki tuƙa da muciya har ya yi laushi, ki ɗebo a yatsa ki murza ba ki ji komai ba. Haka kullun ƙosai, haka kunun gyaɗa. Miyar kuɓewa kuwa, duk yauƙinta, ba ta shiga wannan suna ba. Ni da yatsa nake koya wa 'yan mata kalmar, kuma ba su taɓa mantawa.

Kafinta, Kano: Hajiya ta faɗi gaskiya, hannu ne alƙali. Mu "sumul" muke cewa, kishiyar kaushi. Katako in ya zo, da samfefa mai lamba 80 nake farawa, sai 120, in ƙare da 220. Yawan lamba, ƙanƙantar tsakuwar da ke jikinta. In na shafa tafin hannu bai kama komai ba, aiki ya yi.

Ma'aikaciyar jinya, Jos: A makaranta na sha mamaki da "smooth muscle". Tsoka iri 3 ce a jiki: ta jikin ƙashi, ta zuciya, sai wannan da ke bangon hanji, da jijiyoyin jini, da mahaifa. An sa mata sunan ne don a madubin likita ba ta da zane-zanen da sauran biyun suke da su. Ka ga nan ido ne ya raɗa sunan.

Direba, Maraɗi: Fasinjojin Najeriya nake ji suna cewa "smooth journey". Mu nan "lisse" muka sani a Faransanci. Amma in an ce an iso lafiya sumul, ba gargada, ai magana ta ƙare.

Ɗan kasuwa, Kaduna: Malama, ki gargaɗe su kan "smooth talker". Ba yabo ba ne. Wani ya taɓa ce wa abokin cinikina haka, na ɗauka kirki ake nufi. Ashe daɗin baki ne, romon baka, kuɗina har yau ban gani ba.

Malamar: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Na gode muku ƙwarai. Gobe zan tafi aji da guntun katako biyu, gogagge da mai kaushi, kowa ya shafa. Sannan mu gyara furuci: ƙarshen "smooth" irin na tsakiyar "mother" ne, harshe tsakanin haƙora, domin yarana "sumut" suke cewa.