Shukata mai ganye shunayya ta koma kore, rana kuma tana ƙona ta

Assalamu alaikum jama'a. A Garwa nake, wata shukar ado ta hana ni sakat. Ita ce mai dogon ganye shunayya da kara mai ruwa-ruwa, wadda ɗan furenta mai kunne uku ke buɗewa da safe. Sunanta Tradescantia pallida, asalinta daga Meziko.

Rassa biyar na samo bayan damina, na dasa a tukwanen ƙasa masu huda a gindi, cikin yashin bakin Binuwai da na gauraya da busasshen kashin awaki. Duk suka kama. Don tsoron rana sai na jera su ƙarƙashin darbejiya. Kafin wata biyu launin ya dusashe, sabon ganye ya riƙa fitowa kore shar, karan ya yi tsawo ya sirance, da an taɓa shi sai ya karye. Fure kuwa ko ɗaya.

Aka ce mini ƙarancin haske ne. Farkon Afrilu na fito da tukwane biyu tsakar gida, a zafin nan da ke haura digiri 40. Kwana uku kacal bakin ganyen ya ƙone, ya bushe ƙayau. Na koma ba su ruwa safe da yamma, sai ɗaya ta ruɓe daga gindi. Wallahi na ji zafin wannan, don ita ce ta fi cika tukunya. Taki ma na daina sawa, ba abin da ya sauya.

Don Allah wanda ya raya ta a Garwa ko Marwa, awa nawa na rana take buƙata a bazara, kuma da wane lokaci na yini, don launin ya dawo ba tare da ganyen ya ƙone ba?