Abin da aka tsayar kan karrama Baba tsohon soja

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto game da dattijon nan da ya dawo daga aikin ECOMOG (rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma) a Laberiya, ya ƙare ƙarfinsa yana kula da ofishin ƙungiyar ɗalibai a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yelwa, Bauchi.

1. Babu wanda ya musanta hidimarsa. Shugabanni sun zo sun wuce, makullai da takardu na hannunsa. Da yawa sun tuna yadda yake shiga tsakani idan zaɓe ya yi zafi, ya kwantar da tarzoma da baki kawai.

2. An yarda a yi karo-karo, kuɗin ya shiga asusu mai sa hannun mutum uku.

3. Nan aka rabu. Wasu na son kujerar Hajji, wasu suka ce rufin gidansa da kuɗin magani sun fi gaggawa, damina ba ta jira. Masu son a sa wa zaure sunansa ba su da yawa, kuma an tunatar da su cewa wannan hurumin hukumar jami'a ne. Ni dai ina bayan masu rufi, amma a fara tambayar Baba.

4. A samu mai raka shi tantance fansho.

5. Rana: an fi karkata ga 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, idan ba ta faɗo lokacin jarrabawa ba.

A naɗi labarinsa da waya, shi ma an amince.