Tambaya: Yaya ra'in jinya zai yi wa bincikena na digiri na uku jagora a kan gyambon ƙafar masu ciwon suga?

Sista daga Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke cikin birnin Kano, kuma ina karatun digiri na uku a fannin jinya. Matsalar da nake son in yi bincike a kanta ita ce ta masu ciwon suga da ake kwantarwa saboda gyambon ƙafa. Akan yi musu wankin ciwo, a daidaita sugansu, a sallame su, amma bayan 'yan watanni sai ka gan su sun dawo da sabon gyambo ko kuma tsohon ya tashi, wani lokaci har abin ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa ɗungurungum. Niyyata ita ce in tsara shirin koyar da kula da ƙafa kafin sallama, in gwada shi, in ga ko zai rage wannan dawowa.

Na zaɓi ra'in Dorothea Orem, masaniyar jinya 'yar Amurka, na yi bayaninsa a babi na biyu. Malamin da ke duba aikina ya ce bayanin ya yi, sai dai yana so ya ga ra'in a cikin manufofin binciken, da tsarin koyarwar, da abin da zan auna, ba a babi guda kaɗai ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su nuna mini yadda ake yin haka a aikace. Sannan ina tambaya ko ra'in da aka gina a Amurka a kan mutum ya kula da kansa zai dace da majinyatanmu, waɗanda yawancinsu iyali ne ke ɗawainiya da su.

Malamin Jinya daga Kabuga ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Sista. Allah ya ba da sa'a. Malaminki ya faɗi gaskiya, kuma abin da ya nema ba shi da wuya idan kika ɗauki ra'in Orem a matsayin bayani kan dalilin da ya sa matsalarki take faruwa.

Orem, wadda ta fitar da ra'inta a littafi a 1971, ta ce buƙatar jinya tana tasowa ne idan kulawar da halin lafiyar mutum yake nema ta fi ƙarfin abin da yake iya yi wa kansa. Ke nan akwai abu uku: kulawar da ake buƙata, da iyawar majinyaci, da giɓin da ke tsakaninsu. To, ɗora wannan a kan mai ciwon suga da aka sallama bayan gyambonsa ya warke. Kulawar da ake buƙata sananniya ce: ya duba ƙafarsa kullum har da tafinta da tsakanin yatsu, ya tsane ruwa daga tsakanin yatsun, ya shafa mai a fatar da ta bushe amma ban da tsakanin yatsu, ya yanke farce a miƙe, ya laluba cikin takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya sha magani a kan ƙa'ida, kuma ya zo asibiti da zarar ya ga ƙuraje ko canjin launi. Iyawarsa kuwa ta dogara da ko ya san waɗannan abubuwa, da ko idonsa yana gani sosai, tunda ciwon suga kan taɓa ido, da ko yana iya sunkuyawa ya kai ga ƙafarsa, da ko ya yarda cewa yin hakan yana da amfani.

Da zarar kin rubuta matsalar a wannan siga, sauran sassan aikin za su biyo baya da kansu. Manufarki ta farko za ta zama gano girman giɓin a lokacin sallama. Ta biyu ita ce gwada ko shirinki ya ƙara iyawar majinyaci. Ta uku ita ce ganin ko ƙaruwar iyawar ta sa yana yin abubuwan a gida, domin sani daban, aikatawa daban, kuma Orem da kanta ta raba su. Kowace tambaya a takardar tambayoyinki ya kamata ki iya nuna wane ɓangare na ra'in take aunawa, wadda kuma ba ki iya nuna mata gurbi ba sai ki sake tunani a kanta. Masaniyar ra'in jinya Jacqueline Fawcett ta daɗe tana koyar da wannan haɗi na matakai uku, wato daga babban tsarin tunani, zuwa ra'in da ake gwadawa, zuwa ma'aunin da za a yi amfani da shi a fili. Ina ba ki shawara ki zana shi a jadawali guda, ki kai wa malaminki kafin ki sake rubuta komai.

Shirin koyarwar ma daga ra'in zai fito. Orem ta kasa aikin nas gida uku: inda take ɗauke wa majinyaci nauyin gaba ɗaya, da inda suke raba aikin, da inda aikinta ya tsaya ga tallafi da ilmantarwa. Mai gyambo yakan ratsa duka ukun daga ranar da aka kwantar da shi zuwa ranar sallama, don haka shirinki zai fi ƙarfi idan ya fara tun yana kan gado, yana kallon yadda ake duba ƙafarsa, sannan ya yi da hannunsa a gaban nas, a maimakon a tara masa bayani a ranar da hankalinsa ya riga ya koma gida.

Game da tambayarki ta biyu, mutane da yawa ba su lura cewa Orem ta yi magana a kan kulawar da wani yake yi wa wanda ya dogara da shi ba, kamar uwa ga ɗanta ko ɗa ga mahaifinsa tsoho. Haka kuma ta lissafa abubuwa goma da ke shafar iyawar mutum, daga ciki akwai shekaru, da jinsi, da al'ada, da tsarin iyali, da yanayin muhalli, da abin hannu. Saboda haka ra'in yana da gurbin iyalin Bahaushe, sai dai ke ce za ki cike gurbin da abin da ke faruwa a Kano.

Tsohuwar Sista daga Fagge ta amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni ban yi digiri na uku ba, na dai yi ritaya bayan shekaru masu yawa ina wankin irin wannan ciwo, don haka zan yi magana a kan gurbin da Malam ya ce ke za ki cike.

Idan kika ce wa dattijo ya riƙa duba ƙafarsa kullum, zai ce to, amma ba zai yi ba, domin ba ki ba shi lokacin da zai rataya abin a kai ba. Alhali kuwa wannan mutumin yana wanke ƙafarsa a alwala sau da yawa a yini, yana ma tsettsefe yatsunsa. Ki haɗa dubawar da alwalar azahar, lokacin da akwai haske, ki ƙara masa da cewa ya ajiye tsumma mai tsabta ya tsane tsakanin yatsun bayan ya gama. Da wannan kin samu al'adar da ta riga ta zauna kin ɗora abinki a kai.

Akwai kuma abubuwan da sai an yi lallashi. Da hunturu mutanenmu suna jin ɗumi da garwashi ko su tsoma ƙafa a ruwan zafi, kuma wanda ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa zai iya ƙonewa bai sani ba sai ya ga bororo. Faso da kaushi su ma a wannan lokacin suke yawa, wasu kuma sukan sa reza su kankare. Ranar Juma'a mutum kan cire takalmi ya taka ƙasa mai zafi a wajen masallaci. Masu yankan farce suna yawo kasuwa-kasuwa, kuma almakashinsu ɗaya ne ga kowa. Idan ƙafa ta kumbura, wani wajen wanzami zai fara zuwa a yi masa tsaga, wani kuma a barbaɗa masa garin magani a kan ciwon. Duk wannan ba ya cikin takardun koyarwa da ake kwafowa daga waje.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, a ganina ra'in Madeleine Leininger ya fi kama wannan ɓangare. Ita nas ce da ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam, ta kuma zauna da mutanen Gadsup a Papua New Guinea tana bincike. Ta ce nas tana da hanya uku game da al'adar majinyaci: abin da yake da amfani a riƙe shi, abin da za a iya daidaitawa a yi sulhu a kansa, abin da yake cutarwa a taimaka a sauya shi. Alwala ta shiga ta farko. Sallar Juma'a ta shiga ta biyu, tunda ba za ki hana mutum masallaci ba, amma za ki iya sa ya tafi da darduma da safa mai kauri, ya sa takalminsa har bakin inda zai shimfiɗa. Tsaga da garwashi sun shiga ta uku.

Sannan ki lura da wanda zai yi dubawar. Namiji dattijo yakan samu mata ko ɗa ya duba masa. Mace mai ciwon, wadda ita ce ke ɗawainiyar gidan, sau da yawa ba ta da mai duba mata, kuma ba lallai ne ta iya komawa asibiti ba sai da izini da kuɗin mota daga maigida. Idan kika haɗa maza da mata a lissafi ɗaya, wannan bambanci zai ɓace miki.

Nas daga Dala ya amsa:

Ina girmama bayanin Malam da na Hajiya, amma ina da ja a wuri biyu.

Na farko, ya kamata Sista ta tabbatar da irin digirin da take yi, domin yawancin rubuce-rubucen da ake samu a intanet kan amfani da ra'i wajen warware matsalar asibiti an yi su ne don digirin ƙwarewar aikin jinya na Amurka, wanda ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta amince da shi a 2004. A can ɗalibi yana ɗaukar hujjar da bincike ya riga ya tabbatar ne ya aiwatar da ita a wani asibiti. Digirin bincike kuwa ana sa ran ya ƙara wa ilimi wani sabon abu, saboda haka masu jarrabawa za su tambaye ta abin da sakamakonta ya ce game da ra'in kansa: ya gaskata shi, ko ya nuna inda ya gaza a wajenmu.

Na biyu, ra'in Orem yana mayar da hankali ga majinyaci, kuma ina tsoron a ɗora masa laifin abin da ba nasa ba ne. Idan babu zaren giram 10 da ake gwada jin ƙafa da shi a ɗakin, ko nas ɗaya ce ke kula da gadaje masu yawa da dare, ko kuɗin insulin ya fi ƙarfin mutum, koyarwa ba za ta rufe wannan giɓi ba. Tsarin Avedis Donabedian na 1966, wanda ya raba ingancin kulawa zuwa kayan aiki da ma'aikata, da yadda ake gudanar da aikin, da sakamako, ya fi nuna irin wannan. Ba ra'in jinya ba ne, na sani.

Wani abu kuma game da awo. Wani nazari da Armstrong da Boulton da Bus suka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda gyambonsu ya warke yakan dawo musu cikin shekara guda, kusan kashi 60 kuma cikin shekara uku. Ma'ana, idan dawowar gyambo ce babban abin da za ta auna, tana buƙatar mutane da yawa da bibiya mai tsawo, abin da ɗalibar da ke biyan kuɗin bincikenta da kanta ba lallai ta iya ba.

Sista daga Gwale ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Digirin bincike nake yi. Yanzu abin da ya rage mini shi ne, shin zan iya haɗa Orem da Leininger da Donabedian a aiki ɗaya, ko kuwa hakan zai zama tarkace?

Malamin Jinya daga Kabuga ya amsa:

Kada ki jera su uku a matsayi ɗaya, domin masu jarrabawa za su nemi ki auna kowanne, kuma lokacinki ba zai isa ba. Ki bar Orem a matsayin ra'in da kike gwadawa. Ki yi amfani da hanyoyi ukun Leininger a zangon farko na aikin, inda za ki zauna da majinyata da masu jinyarsu, maza daban mata daban, ki tattara irin abubuwan da Hajiya ta lissafa, ki gina darussan da su. Wannan ya halatta a cikin ra'in Orem, tunda al'ada da tsarin iyali suna cikin abubuwa goman da na ambata. Damuwar ɗan'uwanmu na Dala ita ma tana da gurbi a nan, domin tsarin kiwon lafiya da abin hannu suna cikin goman. Ki rubuta su a matsayin bayanan da za ki tattara a kan kowane majinyaci, ta yadda idan shirin bai yi aiki ga marasa hali ba, alƙalumanki za su nuna hakan.

Shawararsa a kan awo kuma na yarda da ita. Ki sa aikata kula da ƙafa ya zama babban abin da za ki auna, a wata na uku da na shida bayan sallama, dawowar gyambo ta zama ta biyu. Kada ki dogara da abin da majinyaci ya faɗa kaɗai, domin mutanenmu suna jin nauyin nas, za su ce suna yi ko da ba sa yi. Ki sa ya nuna miki yadda yake dubawa, ki duba farcensa da takalmin da ya zo da shi. Idan za ki fassara wani ma'auni zuwa Hausa, ki sa wani ya fassara, wani daban ya mayar da shi harshen asali, a gwada shi a kan mutane kaɗan tukuna, kuma a karanta wa waɗanda ba sa karatun boko. Ki kuma duba kalanda kada bibiyar wasu ta faɗa cikin azumi ko tsakiyar hunturu ta wasu kuma ba ta faɗa ba, sannan ki miƙa takardunki ga kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, domin sai sun amince za ki fara ko da hirarrakin zangon farko.